FUREN DA KE JIN MAGANA: Fim Ɗin Koriya Kan Waƙa, Soyayya Da Kishi A Zamanin Yaƙi

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya zauna ya kalli fim ɗin nan na ƙasar Koriya ta Kudu mai suna Haeeohwa, tun daga farkonsa har ƙarshensa, da wuya ya tashi wannan karin magana ba ta faɗo masa a rai ba. Labari ne na 'yan mata biyu aminan juna, mawaƙa, da saurayi guda mai tsara waƙoƙi, a cikin ƙasar da baƙi suka danne. Baƙin nan ba su ne suka tsaga bangon amincin ba, amma da ya tsage su ne suka shiga, suka kuma rushe gidan baki ɗaya.

An fara nuna fim ɗin a gidajen silima na Koriya ta Kudu ranar 13 ga watan Afrilu, 2016, a ƙasashen waje kuwa an san shi da sunan Love, Lies, watau soyayya da ƙarya. Darektansa shi ne Park Heung-sik, tsawonsa kimanin sa'a biyu. Manyan 'yan wasansa su ne Han Hyo-joo, da Chun Woo-hee, da Yoo Yeon-seok. An kafa labarin a shekarar 1943 a birnin Gyeongseong, wanda yau ake kira Seul, sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani. A cikin wannan shekara ce aka kwashi sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da na Nijeriya masu yawa, aka nufi Indiya da su, daga can suka shiga dazuzzukan Bama don su gwabza da sojojin Jafan. To, Jafan ɗin nan da suka je yaƙa ita ce ke mulkin Koriya a lokacin.

MA'ANAR SUNAN

Kalmar haeeohwa ma'anarta furen da ke jin magana. Asalinta daga ƙasar Sin ne, inda aka ce wani sarki na daular Tang mai suna Xuanzong, a ƙarni na 8, ya yi wa ƙwarƙwararsa Yang Guifei wannan kirari. Daga baya mutanen Koriya suka ari kalmar suka laƙaba wa wasu mata da ake kira gisaeng.

Su gisaeng mata ne da ake horarwa tun suna ƙanana a kan waƙa, da rawa, da kiɗan gayageum, wani abin kiɗa mai tsirkiya 12, da tsara baitoci, da rubutun alkalami, da ladubban zama a gaban manya. A zamanin daular Joseon, wadda aka kafa a 1392, suna cikin rajistar hukuma, ana ƙidaya su cikin mafi ƙasƙancin aji na jama'a, tare da bayi, alhali kuwa sun fi matan manyan gari da yawa ilmi. Sarakai da malamai sukan zauna su saurare su, su yaba musu, amma ba sa ɗaukar su a bakin mutane masu 'yanci. Fure dai fure ne, ko da yana jin magana, mai lambu ke da iko da shi.

Duk da haka tarihin Koriya bai manta da wasunsu ba. Akwai Hwang Jini ta ƙarni na 16, wadda har yau ake karanta baitocinta a makarantu. Akwai Nongae ta garin Jinju, wadda aka ce a 1593 ta rungumi wani sarkin yaƙin Jafan ta faɗa kogi da shi. Akwai kuma Kim Hyang-hwa ta garin Suwon, wadda ta ja gaban 'yan'uwanta gisaeng suka fita zanga-zangar neman 'yanci a watan Maris na 1919.

Bayan da aka soke bauta da bambancin aji a 1894, tsarin gisaeng na hukuma ya fara wargajewa. Matan suka koma ƙarƙashin wasu ƙungiyoyi da aka sa wa suna gwonbeon, kalmar da aka aro daga Jafananci. Gwonbeon makaranta ce, kuma ofishin dillanci ce: ita ke koyar da yarinya, ita ke tura ta manyan gidajen cin abinci ta yi wasa, ita ke karɓar kuɗin. A irin wannan gida ne labarin fim ɗin ya fara.

KORIYA A HANNUN JAFAN

Jafan ta haɗiye Koriya a watan Agusta na 1910, ta naɗa mata Gwamna-Janar, ba ta sake ta ba sai ranar 15 ga Agusta, 1945. Shekarun ƙarshe na wannan mulki su ne suka fi muni. Daga 1938 aka fara ture harshen Koriya daga makarantu. A 1940 aka matsa wa jama'a su ɗauki sunaye irin na Jafanawa, a cikin shekarar kuma aka rufe manyan jaridu biyu na harshen Koriya, watau Dong-A Ilbo da Chosun Ilbo. A 1942 aka kama malaman da ke aikin wallafa ƙamus na harshen, biyu daga cikinsu suka mutu a kurkuku. A 1944 aka fara ɗibar samari aikin soja dole, ban da ɗimbin mutanen da aka kai ma'adinai da masana'antu, da 'yan matan da aka kai sansanonin soja aka ci zarafinsu.

Waƙa ma ba ta tsira ba. Tun 1933 aka kafa dokar tace faya-fayan garmaho, wadda ta ba 'yan sanda ikon hana sayar da kowane faifai in sun ga zai ta da hankalin jama'a ko ya ɓata tarbiyya. Wannan doka ya kamata mai karatu ya riƙe, gama ita ce wuƙar da aka yi yanka da ita a cikin fim ɗin.

WAƘA IRI BIYU

Ba za a gane inda labarin ya dosa ba sai an san cewa akwai waƙa iri biyu da ke ja-in-ja a Koriya ta wancan zamani.

Ta farko ita ce jeongga, watau waƙar da ta dace, wadda ta ƙunshi gagok da gasa da sijo. Waƙa ce ta malamai da 'yan sarauta. A zaune ake rera ta, cikin natsuwa, ba rawa ba girgiza, a ja gaɓa guda ta kalma har sai numfashi ya kusa ƙarewa, muryar mace ta yi siriri kamar zare. Ba a nuna murna a fili, ba a nuna baƙin ciki a fili. Sai an yi shekaru ana koyo kafin a iya, sai kuma mai haƙuri ke jin daɗinta.

Ta biyu ita ce waƙar yayi, wadda garmaho da rediyo suka zo da ita. A 1926 faifan wata mawaƙiya mai suna Yun Sim-deok ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, bayan da labari ya bazu cewa ta faɗa teku daga jirgin ruwa ita da masoyinta. A 1927 aka buɗe gidan rediyo a Gyeongseong. Kamfanonin faifai irin su Columbia da Victor da Polydor da Okeh suka shiga farautar muryoyi, ba su kuwa sami wurin farauta da ya fi gwonbeon ba. Wata gisaeng ta birnin Pyongyang mai suna Wang Su-bok ta fara buga faifai a 1933, ba a daɗe ba ta zama tauraruwa. A 1935 Lee Nan-young ta rera waƙar Hawayen Mokpo, wadda a zahiri waƙar rabuwar masoya ce a tashar jirgin ruwa, amma duk ɗan ƙasa ya san kukan ƙasar da aka ƙwace ake yi.

Shi faifan garmaho kuwa gefensa guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai, alhali waƙar gagok guda tana iya wuce minti 10. Saboda haka tun ba a je ga zancen son rai ba, na'urar da kanta ta riga ta zaɓi wadda za ta ɗauka. Wadda ta iya jeongga tana da daraja a ɗakin manya, wadda ta iya waƙar yayi kuwa tana da kasuwa, da titi, da zukatan talakawa.

YADDA LABARIN YAKE

So-yul, wadda Han Hyo-joo ta fito a matsayinta, 'yar shugabar gwonbeon ce. A cikin jeongga aka haife ta, a ciki ta girma, ba kuma wadda ta kama ƙafarta a gidan. Yeon-hee kuwa, watau Chun Woo-hee, 'yar matalauci ce, bashi ya sa ubanta ya kawo ta gidan tana ƙarama. So-yul ce ta jawo ta jiki, suka tashi tare kamar 'yan uwa ɗaya, suna ɓuya su saurari faya-fayan Lee Nan-young, abin da tarbiyyar gidan ba ta yarda da shi ba.

So-yul tana da masoyi, Yoon-woo, wanda Yoo Yeon-seok ya fito a matsayinsa. Mai tsara waƙoƙin yayi ne da ya yi suna. Ya yi mata alkawarin aure, ya kuma gaya mata burinsa na tsara wata waƙa da za a kira Zuciyar Joseon, wadda mai kuɗi da matalauci, da wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba, kowa zai ji ta ya sami sanyi a ransa. So-yul ta sakankance ita za ta rera.

Sai ranar da Yoon-woo ya ji muryar Yeon-hee. Nan take ya gane ita ce muryar da yake nema, mai faɗi, mai ɗumi, wadda ke kuka a fili ba ta jin kunya. Ya ba ta waƙar. So-yul ta daure, har ta taya aminiyarta murna, domin a ganinta an raba ne: waƙa ta Yeon-hee, miji nata. Amma zama wuri guda da aiki dare da rana ya sa zuciyar Yoon-woo ta bi waƙarsa, ta koma inda waƙar ta koma. So-yul ta gani da idonta.

A nan fim ɗin ya tsaya ya daɗe, ya kuwa cancanci a daɗe. Abin da ya sami So-yul ya wuce kishin mata na yau da kullum. A lokaci guda ta rasa miji, ta rasa aminiya, sa'an nan ta rasa abu na uku wanda ya fi biyun ciwo, watau yarda da muryarta. Ta ƙudurta a ranta cewa an ƙi ta ne don jeongga tsohon yayi ce, kuma da ta iya irin waƙar Yeon-hee da ba a guje ta ba. Daga ranar nan ta daina neman zama So-yul, ta shiga neman zama Yeon-hee.

A garin akwai babban shugaban 'yan sandan Jafan mai suna Hirata, wanda Park Sung-woong ya fito a matsayinsa. Mutum ne mai sha'awar jeongga, ya kuma daɗe da sa wa So-yul ido. Ita da aka tarbiyyantar a kan cewa mawaƙiya fasaharta take sayarwa ba jikinta ba, sai ga shi ta kai kanta gidansa. Ladan da ta karɓa shi ne iko. Da ikon nan aka hana faifan Zuciyar Joseon fita. Da shi ta shiga ɗakin ɗaukar murya tana kwaikwayon salon aminiyarta, ana buga mata faifai, amma muryar aro ba ta zauna mata ba. Shi kuwa Yoon-woo, wanda fim ɗin ya nuna yana kaɗa Arirang, waƙar gargajiyar da duk ɗan Koriya ya sani, a fiyano a gaban sojojin Jafan, ƙarshensa kurkuku.

So-yul ta ɗauka wutar da ta kunna za ta tsaya inda ta ce ta tsaya. Ba haka ikon azzalumi yake ba, aro ake ba da shi, mai shi kuma ba ya tambayar wanda ya ara kafin ya yi abin da ya ga dama. Yeon-hee ta faɗa hannun Jafanawa, harsashinsu ya kashe ta. Yoon-woo ya fito daga kurkuku ya tarar ba Yeon-hee. Ya tsara waƙa guda ya bar wa So-yul, sa'an nan ya kashe kansa. Sunan waƙar shi ne aka ɗauka aka sa wa fim ɗin a ƙasashen waje, asalin kalmomin kuwa daga wani tsohon baitin sijo ne da aka daɗe ana rerawa da salon gagok.

BAYAN SHEKARA 46

Fim ɗin bai tsaya a 1945 ba, ya tsallaka zuwa 1991. An tono tsohon faifan nan da aka hana fita, jama'a suka ji, aka shiga cigiyar mai muryar. Sai ga wata tsohuwa ta fito ta ce ita ce Yeon-hee. So-yul ce. Ko da furfura ta rufe mata kai, ba ta daina son a tafa mata da sunan wata ba.

Ana cikin haka wani ma'aikacin gidan watsa labarai ya zo mata da wani tsohon faifai dabam da ya samo. Ya ce muryar da ke ciki ta ratsa shi, ta wata mawaƙiya ce da aka manta da ita, wai ita So-yul. Waƙar nan ce da Yoon-woo ya bar mata, wadda ta rera da muryarta ta ainihi. Bai san da mai muryar yake magana ba, ita kuma ba ta da bakin da za ta ce ita ce, gama ta riga ta jefar da sunanta. Abin da ta kashe mutum biyu tana nema, ashe tun farko yana cikin maƙogwaronta. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

TAMBAYAR DA HAR YAU BA TA MUTU BA

So-yul da Yeon-hee da Yoon-woo ƙagaggun mutane ne, amma tarkon da suka faɗa na gaske ne. A shekarun yaƙi hukuma ta sa mawaƙan Koriya rera waƙoƙin zuga samari su shiga sojan Jafan. Wasu manyan taurari, irin su Nam In-su da Baek Nyeon-seol, da mai tsara waƙa Park Si-chun, sun yi irin wannan aiki. Bayan samun 'yanci an kafa kwamiti a 1948 don ya binciki waɗanda suka haɗa kai da 'yan mulkin mallaka, amma kafin 1949 ta ƙare an karya shi, bai yi wani abin kirki ba. Sai a 2009 wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta wallafa ƙamus mai ɗauke da sunayen mutum 4,389, cikinsu har da mawaƙan nan uku. Gardama ta tashi: wasu suka ce tilas aka yi musu, wasu suka ce akwai waɗanda suka ƙi, suka sha wuya, ba su mutu da kunya ba.

Yawancin finafinan Koriya da suka taɓo wannan zamani sukan raba mutane gida biyu, jarumai da maciya amana. Shi Haeeohwa wata hanya ya bi. So-yul ba ta je wurin Hirata don ƙaunar Sarkin Jafan ba, ba kuma don yunwa ko tsoro ba. Ciwon zuciya ne ya kai ta, irin wanda kowane ɗan Adam ya sani. A ƙasa mai 'yanci da abin ya ƙare a gaba da ƙauracewa, kowa ya kama gabansa. Amma a ƙasar da mutum guda ke iya hana waƙa fita, ya ɗaure wanda ya so, ya kashe wanda ya so ba mai tambayarsa, ƙaramar gaba takan sami babban makami. Wannan shi ne abin da fim ɗin ya ƙara a kan abin da aka saba faɗi game da mulkin danniya: ban da dukiya da harshe da yake ƙwacewa, yakan mai da rigimar cikin gida ta zama kisan kai.

Ita ma Lee Nan-young ta gaskiya, wadda aka nuna a fim ɗin, ba ta sami sauƙin duniya ba. A Yaƙin Koriya da ya ɓarke a 1950 ta rasa mijinta Kim Hae-song, mai tsara waƙa. Ta horar da 'ya'yanta mata biyu da 'yar ɗan'uwanta, suka riƙa yi wa sojojin Amurka waƙa, har a 1959 suka tafi Amurka suka yi suna da laƙabin Kim Sisters. Ta rasu a 1965.

ABIN YABO DA ABIN GYARA

Fim ɗin yana da rauninsa. Rabinsa na biyu ya cika gaggawa, masifu suna bin juna ba a ba mai kallo damar numfasawa ba. Ba a kuma ba Yoon-woo da Yeon-hee isasshen fili ba, har mai kallo ya ga yadda soyayyarsu ta tsiro, sai dai ya gan ta ta riga ta yi ganye. Hirata ma bai wuce azzalumin da aka saba gani ba.

Amma wajen sutura da adon ɗakuna da titunan tsohon birni an yi aiki mai kyau ƙwarai. Han Hyo-joo ta zauna ta koyi jeongga saboda wannan fim, ta kuwa ɗauki nauyin labarin tun daga yarinya mai fara'a har zuwa macen da fuskarta ta daskare. Fim ɗin bai yi kasuwa sosai ba, musamman in an gwada shi da Assassination na 2015, wanda shi ma a kan zamanin mulkin Jafan aka yi shi, ya kuma tara 'yan kallo fiye da miliyan 12. Jama'a sun fi son labarin da ake harbe maci amana a ƙarshe, a kan wanda ake sa su su tausaya masa.

Wani abin lura kuma shi ne, waƙar da So-yul ta raina ba ta mutu ba. A 2010 hukumar UNESCO ta sa gagok cikin jerin al'adun da duniya ta gada, ana kuma koyar da ita a makarantun kiɗa na Koriya ta Kudu. Gwonbeon sun shuɗe, zamanin garmaho ya shuɗe, ginin Gwamna-Janar ma an rushe shi a tsakanin 1995 da 1996. Siririyar muryar nan kuwa tana nan ana jan ta a hankali kamar yadda aka saba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. So-yul ta bar nata, ta shekara 46 a ƙofar gidan wata, ranar da ta waiwayo kuma ba sauran wanda zai shaida ita ce mai gidan.